Ɗumin Ɗakin Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ka a tsaye da ƙafafunka, ba a kwance kana fama da jirin teku ba. Ya aiki, ya zaman cikin ruwa? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Ɗinki yana tafiya, har na fara mayar da wasu masu kawo yadi saboda hannu ya yi mini kaɗan. Gwaggo tana gaishe ka. Ta zo jiya, ta sake tado da zancenta na kullum, wai gidan nan ya yi wa mutum biyu girma, a sayar da shi mu koma kusa da ita. Na ba ta shayi, na canza hira.

Baba yana nan da sauƙi, amma kwanan nan yana yawan kukan ciwon kai, ga kasala. Na ce mu je asibiti, ya ce duk shekarun da ya yi yana tuƙa bas bai taɓa kai wa likita ƙarar ciwon kai ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Ka dai san halin mutuminka.

Ga abin da ya sa na ɗauko biro. Sanyi ya shigo da wuri bana, kuma hitar gas ɗin nan da ke bangon ɗakin Baba, wadda aka sa tun Mama tana da rai, ta fara gardama. Sai na yi ta murɗawa kafin ta kama, in ta kama ɗumin nata bai wuce na numfashin jariri ba. Baba yana wuni a gabanta da hula da safa, ƙofa a rufe, rediyo a cinya. Ni kuma tun lokacin zafin da ya wuce nake da nawa kukan. Ɗakin ɗinkina da rana tanderu ne, fanka ba abin da take yi sai juya zafin daga wannan kusurwa zuwa waccan. In iska ta yi damshi kuma yadin mutane ya dinga warin ruma, in yi ta ba da haƙuri.

Shi ne na ce me zai hana a yi abu ɗaya da zai kashe mana matsalar sanyi da ta zafi gaba ɗaya. Kai ne mai zama da injuna dare da rana, ka ba ni shawara. Ni zare da allura na sani.

Allah ya tsare, ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

* * *

Auta,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso ni lafiya, wakilin kamfani ya hawo mana da jakar saƙo ranar da muka tsaya shan mai. Ina lafiya ƙalau. Jiri kuma tuni muka raba gari da shi, yanzu in na taka ƙasa ne ma nake jin tana rawa. Kina kukan tanderu, ki zo ɗakin injin jirgi ki ga uwar tanderu. Rigata ba ta bushewa. Ki gaishe da Baba, ki ce masa ciwon kai ba ya tambayar ko mutum tsohon direba ne, ya daure ya bi ki asibiti. Ki gaishe da Gwaggo, amma zancen sayar da gida ki dinga yi mata kunnen uwar shegu. Gumin Baba ne a jikin kowane bulo.

Batun na'ura, ga ra'ayina. A sayi babba, wadda za ta ishi gidan har ta yi saura. Gara a ce ta yi yawa da a ce ta gaza. Ina son irin ta jirginmu: uwar na'urar tana wuri ɗaya, a ja bututun iska ta cikin silin zuwa kowane ɗaki, da falo, har da ɗakin baya da ba kowa. In za a yi, a yi na ƙwarai, kada a yi ta kwaskwarima. Kuma kada ki yarda da masu daɗin baki, su zo su ga mace ita kaɗai da tsoho su shafa muku mai a leɓe.

Don haka ki dakata. Kwantiragina zai ƙare bayan sanyi, in na dawo ni da kaina zan tsaya a kan aikin. Kafin nan ki lallaɓa tsohuwar hitar, ki samu wani ya share mata baki, za ta kai mu. Tsohon ƙarfe ba ya mutuwa da wuri.

Ki ci gaba da aiko da wasiƙa ta hannun wakilin, duk tashar da muka tsaya za ta same ni. Waya a nan hoto ce kawai, in mun yi nisa da gaɓa ko sanda ɗaya ba ta kawowa.

Yayanki

* * *

Yaya,

Assalamu alaikum. Kafin komai: Baba yana da rai, yana lafiya, yanzu haka yana zaune yana musu da Gwaggo a kan sukarin shayi. Na fara da wannan ne don kada hankalinka ya tashi kafin ka kai ƙarshe.

Gwaggo ta kawo mana ziyara da rana, ta shiga ɗakin Baba suna hira, ni ina ɗakin ɗinki da wata mai gwajin riga. Can sai ga ta ta fito dafe da kai, tana bin bango.

Ta ce, “Auta, ɗakin nan na babanki duk ranar da na zauna a ciki sai kaina ya sara. Yau har jiri nake gani. Shi ma je ki dube shi, ina magana yana gyangyaɗi.”

Na shiga. Yana kan kujera, kansa ya langaɓe, rediyo ta zame ƙasa tana ta magana ita kaɗai. Na kira shi, ya buɗe ido da ƙyar, ya ce wani abu da ban gane ba, harshen ya yi nauyi. Sai amai. Yaya, ban san lokacin da na yi ihu ba. Malama maƙwabciyarmu, Allah ya saka mata, ta dawo daga makaranta ke nan ko jakarta ba ta ajiye ba. Ita ta banko tagogi, muka kinkime shi mu uku har da mai gwajin riga, da allurai a jikin rigarta, muka sa shi a motar Malama.

A asibiti suka ɗora masa abin shaƙar iska. Likitar ta ja ni gefe ta tambaye ni, “Ban da shi, akwai mai ciwon kai a gidan?” Na ce Gwaggo, kuma ni ma nakan ji in na kai masa shayi na ɗan zauna. Ta ce, “In kin fita yakan sake ki?” Na ce eh, da na koma ɗakin ɗinki inda ƙofa take a buɗe sai ya wuce. Ta ce, “Da me kuke ɗumama ɗakin?”

Na ce da hitar gas. Ta ce wutar da ba ta ci da kyau tana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi, jini yana ɗaukarta a madadin iskar kirki, mutum ya yi ta jin barci har ya zarce. Ta ce Baba da sauran shan ruwansa a duniya.

Washegari ma'aikacin gas ya zo ya rufe layin ɗakin. Ya hau rufi ya tarar bututun hayaƙin hitar ya toshe da tsatsa da sheƙar tsuntsu. Ya kuma ce wutar da kullum nake gani rawaya, shuɗiya ya kamata ta zama, baƙin da ya yi a bango ma alama ce. Sannan ka san 'yar ragar nan ta shan iska da ke ƙasan bango? Baba ya cusa mata ƙyallayen ɗinkina, wai sanyi yana shigo masa ta nan. Da na tambaye shi a gadon asibiti, sai ya ce, “To ai kin ce ba ki da amfani da su.”

An sallame shi, mun wuce gidan Gwaggo. Wasiƙarka ta same ni a can. Ka yi haƙuri, Yaya, ba zan iya jiranka ba, kuma tsohuwar hita ta gama yayinta. Na sa a turo mini masu sa irin waɗannan na'urori su zo su ga gidan. Zan rubuto maka abin da ake ciki.

Ka yi mana sadaka a can ko da biskit ne.

Auta

* * *

Yaya,

Assalamu alaikum. A gurguje nake rubutun nan, Malama za ta bi ta ofishin wakilinku. Ina fatan kana lafiya. Mu lafiya lau. Kamar yadda na faɗa maka, mun bar gidan, muna wurin Gwaggo, Baba ma ya ce ya fi jin daɗin barci a nan.

Mutum uku sun zo sun ga gidan, kowa ya faɗi kuɗinsa. Na farko daga bakin ƙofa ya yanke magana. Na biyu ya leƙa ɗaki ɗaya. Na ukun ne ya zagaya ko'ina, ya auna ɗakuna, ya duba tagogi da wayarin, har saman silin ya hau. Hankalina ya fi kwanciya da shi. Ya ce zai huda bango a wasu wurare, kuma a kwashe masa kayan ɗakin Baba, mun riga mun kwashe. Na karanta wa Baba takardar, ya amince, ya sa hannu. Gwaggo sai cewa take ai da ma ta daɗe tana faɗa.

Na san ba haka ka so ba, amma ka yi mini uzuri. Sauran bayani sai na samu zama.

Auta

* * *

Auta,

Salam. Ina lafiya, in har za a kira wannan lafiya.

'Yar takardarki ta iso. Na karanta ta a tsaye, na karanta a zaune, na ba idona hutu na sake karantawa, ba ta canza ba. Kin ce kin riga kin faɗa mini. Ba abin da ya iso ni. An canza mana hanya, tashar da ya kamata mu tsaya ba mu tsaya ba. Amma ko da ta iso, wannan maganar ta wasiƙa ce?

Kun sayar da gidan, Auta? Mutum uku sun zo sun yi tayi, kin zaɓi wanda ya fi kwanta miki, an kwashe kayan Baba, an sa shi ya sa hannu, ni ina tsakiyar ruwa kamar ba a haife ni a gidan ba. Saboda hita? Na ce ki jira ni, ashe jirana ne ya yi miki nauyi. Gwaggo ta ci nasara ke nan. Kuma tun bai shiga ba har ya fara zancen huda bango. Bangon da Mama ta sa muka yi wa fenti ni da ke, kika zubar da rabin bokitin a kaina.

Ban ce ban san wahalarki ba. Ke ce da dafa masa, ke ce da wanki, ke ce da jin ƙorafinsa, ni sai dai in aiko da gaisuwa. In kin gaji, da kin ce kin gaji, da na san abin yi. Amma duk daren da na sauka daga aiki, in na rufe ido, ƙofar gidan nan nake gani da bishiyar lemon tsakar gida. Yanzu me zan dinga gani?

Na je wurin kyaftin na nemi ya sallame ni a tasha ta gaba. Ya ce in na sauka kafin wa'adi ba lallai kamfani ya sake ɗaukata ba. Na ce na ji. In akwai sauran abin da ba a sa wa hannu ba, ki riƙe shi har in iso.

Yayanki

* * *

Auta, ƙanwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. In Allah ya sa wannan ta riga waccan isowa, ki yaga waccan kada ki buɗe. In kin riga kin karanta, to ga kaina bisa wuyana, ki yi yadda kika ga dama.

Mun shigo tasha da hantsi, jakata a ɗaure, na yi sallama da abokan aiki. Sai ga wakili da saƙo, ciki har da doguwar wasiƙarki, ta sha yawo, duk ta yi laushi, an buga mata hatimi kala-kala. A kan jakar tawa na zauna na karanta. Da na kai wurin da kika ce kansa ya langaɓe, na hau salati. Da na kai wurin ƙyallaye sai dariya ta ƙwace mini, ga hawaye. Kukun jirgi ya same ni a haka, ya tsaya yana kallona, ya koma ya kawo mini ruwa.

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Ina ta kukan bulo da fenti, ashe mai gidan ne ya kusa tafiya. Ni da na ce a lallaɓa tsohuwar hita. Allah ya yi wa Gwaggo albarka da kanta mai saurin sarawa, ki ce mata na janye duk abin da na faɗa a zuci. Malama kuma ban san da bakin da zan gode mata ba. Ke kuwa da kin jira ni, da ban yafe wa kaina ba.

Na koma wurin kyaftin na kwance jaka. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya yi murabus ya dawo kafin shayinsa ya huce ba.

To, tunda gida yana nan, bari in sa baki a abin da na sani. Ki tambayi mutumin naki. In na'urar ta lantarki ce zalla, ranar da aka ɗauke wuta cikin sanyi fa? Wayarin gidanmu tsoho ne, a ja mata layinta daban da abin katse wuta nata, kada a haɗa ta da dutsen gugarki. Injin da ake ajiyewa a waje yana da ƙara da girgiza, a sa masa roba a ƙafa, kada a kafa shi a ƙarƙashin tagar mai barci, kuma a bar masa sarari ya sha iska. Ruwan da take zubarwa a san inda za a bi da shi, kada ya jiƙa gindin bango. Ki tabbatar ana samun kayan gyaranta a gari, kuma in ta lalace akwai wanda zai zo. Tunda har yanzu da gas kike girki, ki sayi 'yar ƙararrawar nan mai jin iskar guba ki maƙala a hanyar kicin. Muna da su a jirgi ko'ina, ban san abin da ya hana ni tunawa da gida ba.

Amma dai, Auta, a ɗauki babba.

Yayanki mai kunya

* * *

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Baba yana gaishe ka. Ina fatan kai ma hankalinka ya dawo jikinka.

Wasiƙunka biyu tare suka iso, kuma ta faɗan na fara buɗewa. Kaina ya yi zafi, har na ɗauko takarda na rubuta maka layin farko, wanda in ka gani sai ka nemi hanyar ninƙaya ka gudu. Gwaggo ce ta ce, “Ke, ba biyu aka kawo ba? Buɗe ɗayar mana.” Daga baya na karanta wa Baba duka. Ya yi dariya har da tari, ya ce, “Wa zai sayi gida da ni a ciki? Ai sai a rage masa kuɗi.” Na sake duba 'yar takardar da na aiko maka a raina, na ga ni ma da laifina. Na yafe, kai ma ka yafe. Amma fentin nan kai ka ture bokitin.

Yanzu bayanin da na yi alkawari. Na farkon, wani mai baƙin tabarau, ko takalminsa bai cire ba ya ce a sa wa kowane ɗaki na'ura mai ƙarfin doki biyu. Da na faɗa wa Baba sai ya ce, “Wa zai dinga yi musu ciyawa?” Na biyu ya zo da araha, amma sunan na'urar tasa ban taɓa ji ba, da na tambayi garanti sai ya ce ai shi kansa garanti ne. Na ukun, wanda muke kira Dogo don sai ya sunkuya yake shiga ɗakin Baba, shi ne ya fito da tef. Ya auna tsawo da faɗi da tsayin silin, ya ƙirga tagogi, ya tambaye ni wanne ɗaki rana ta fi duka, mutum nawa ke zama a ɗakin ɗinki, ina yawan guga ko a'a. Ni ban taɓa yanka yadi ban auna mai shi ba, don haka ka san inda zuciyata ta karkata.

Batun babba, ban ƙi ta taka don gardama ba. Malama ta ja ni falonta ta nuna mini nata esin sanyaya ɗaki, ƙato, an sa mata shi bara. In ya tashi sai ka ce jirgi, nan da nan ɗaki ya zama firij, ya mutu, kafin ka gyara zama ya sake tashi. Ba ya daɗewa yana aiki balle ya tsotse damshin iska, sai ka ji sanyi amma jikinka yana danƙo. Bayan kujerarta duk ruma. Ta ce kuɗin wuta kuma kada ma a tambaya. Gani ga wane, Yaya. Ƙarama kuma ta wuni tana nishi ba ta kai ba. Daidai jiki ake nema.

Irin ta jirginku mai bututu tana da kyau ga gidan da aka gina da hanyar bututun tun farko. Namu sai an farke silin gaba ɗaya, kuma mu dinga ɗumama ɗakunan da ba mai kwana. Wadda muka zaɓa mai aiki biyu ce. Da zafi ta kwashe zafin ɗaki ta fitar, da sanyi ta juya ta jawo ɗumi daga waje ta shigo da shi. Na ce wane ɗumi ne a waje cikin sanyi, Dogo ya ce akwai, kuma ya nuna mini a jikin kwalin iyakar sanyin da take iya aiki a cikinsa, namu ba ya kaiwa nan. Ya ce a garin da sanyi ya fi haka sai an zaɓi wata ko a ƙara mata mataimaki. Injin waje ɗaya, kawuna uku a ciki: ɗakin Baba, ɗakin ɗinki, da nawa. Kowa da rimot ɗinsa. Babu wuta, babu hayaƙi.

Abin da ban zata ba, da gidan aka fara. Ya ce sa na'ura a gidan da iska ke yoyo ɗiban ruwa ne da kwando. An shimfiɗa wata irin auduga a saman silin mai tare zafi da sanyi, an sa wa tagogi roba, an toshe ƙasan ƙofofi. Tunda an cire hitar gas, yanzu toshewar ba ta da haɗari, kicin kawai aka bar wa hanyar iskarsa. Da aka gama wannan, na'urar da gidan ke buƙata ta ƙara ƙanƙanta.

Tambayoyinka na karanta masa ɗaya bayan ɗaya. Layin wuta daban da ma yana cikin shirinsa. Amma injin wajen, a ƙarƙashin tagar Baba ya so kafa shi don bututun ya fi gajarta. Da ya ji naka sai ya ce gaskiya ne, ya mayar da shi bayan kicin, da robarsa a ƙafa. Ruwan kuma an ja shi zuwa gindin lemo. Kayan gyara akwai, zai dinga zuwa dubawa kafin zafi da kafin sanyi. In an ɗauke wuta, bai ɓoye mini ba, ta tsaya. Sai dai yanzu ɗaki yana riƙe ɗuminsa ya daɗe, ga barguna. Na sa Baba ya yi mini alkawari a gaban Gwaggo cewa ko gawayi ko gas ba zai ƙara kunnawa a rufaffen ɗaki ba. Ƙararrawa na saya biyu.

Mun koma gida shekaranjiya. Baba ya shiga ɗakinsa ya tsaya, ya cire hular sanyi, ya ce, “Ina wutar take?” Na ce babu. Ya ce, “To ɗumin na waye?” Na ce naka ne.

Auta

* * *

Auta,

Salamu alaikum. Lafiya lau nake, nauyin da ke ƙirjina ya sauka. Ki gaishe da mai gidan da ba ya sayuwa.

Na sallama. Da na karanta labarin esin Malama sai na tuna wani famfon ruwa da muke da shi a nan, an sa wanda ya fi ƙarfin aikin, kullum tashi da mutuwa, shi ne kuma kullum a hannuna ina canza masa kaya. Abin yana gabana ban haɗa shi da gida ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

An ƙara mana wa'adi kaɗan, sai zafi ya kankama zan iso. Wannan karon ban nemi kyaftin ba, kunya ba za ta bar ni ba. Ki dinga wanke ragar tace ƙura da ke jikin na'urar, ɗakin ɗinki zare da gashin yadi za su toshe ta da wuri. Kuma don Allah, in za ki rubuto a gurguje, ki ba Malama ta karanta tukuna.

Yayanki

* * *

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya ruwa, ya ɗokin gida? Wakilinku ya ce wannan ce ta ƙarshe da za ta same ka kafin ka sauka, don haka na zauna na rubuta a nitse. Kowa lafiya. Gwaggo ta daina zancen sayar da gida, yanzu ma nan take wuni, wai ƙafarta ta fi son iskar ɗakina.

Sauran sanyin ya wuce ba mu ji shi ba. Sau ɗaya aka ɗauke wuta mai tsawo, muka rufe ƙofofi, Baba ya lulluɓa, har aka dawo da ita ɗakin bai huce ba. Yanzu ga zafi ya zo da ƙarfinsa, titi yana tururi, ni kuwa ina guga ba na zufa. Warin ruma ya tafi. Ragar ina cire ta ina wankewa a famfo, ka yi gaskiya, abin da nake samu a ta ɗakin ɗinki ya isa a yi wa kyanwa matashi.

Sabuwar matsalata tsofaffi ce. Abokan Baba na tashar bas, waɗanda da a gindin bishiyar bakin titi suke zama, sun gano ɗakinsa. Da an yi azahar za ka ji sallama ɗaya bayan ɗaya, takalma sun cika ƙofa. Baba ne sarkin rimot, a aljihun gaba yake ajiye shi, ba mai taɓawa. Da farko sai ya kai shi ƙarshen sanyi don burga, har wani tsohon kwandasta ya roƙi bargo. Na nuna masa cewa kai shi ƙasa ba ya sa ɗaki saurin sanyi, wuta kawai yake ci, a bar shi a tsaka-tsaki. Yanzu shi ke yi wa baƙinsa wannan lacca kamar shi ya ƙera na'urar. Butar shayina ba ta sauka daga wuta. Ina ƙorafi, amma kada ka yarda da ni. Rabon da in ji dariya irin wannan a gidan nan tun Mama.

Jiya ya shigo ɗakin ɗinki da rigunansa a kafaɗa. Lokacin da yake fama da jikin nan duk na rage masa su a ɓoye, don kada ya ga yadda ya zube. Ya ajiye su a kan keken ɗinki ya ce, “Auta, telan nan naki ba shi da kirki, rigunan sun matse ni.” Na ɗauko tef na zagaya cikinsa, na duba, na sake zagayawa. Na juya baya kamar ina neman almakashi don kada ya ga idona.

Ya ce, “Nawa?”

Na ce, “Sai an farke duka, Baba.”

Ya ce, “To a farke, kuma a bar wuri. Ban gama ba.”

Sai ka iso. Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Auta